Yadda ake zaɓen akwatin wutar kwamfuta marar ƙara da yadda ake kula da shi a zafin Gombe

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin naɗar murya, ko a shagon haɗa bidiyon biki a Jekadafari ko Tudun Wada da tsakar ranar watan Afrilu, ya san irin gurnanin da kwamfutar tebur ke yi idan aiki ya yi mata nauyi. Sau da yawa ƙarar tana fitowa ne daga akwatin ƙarfen nan da wayar wuta ke shiga cikinsa ta bayan kwamfutar, wanda masu gyara ke kira fawa fak. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango mai bolt 230, ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 waɗanda kayan ciki ke amfani da su. A wajen wannan juyi wani kaso na wutar yakan zama zafi, kuma zafin ne ke tilasta wa fankar akwatin gudu. Saboda haka mai neman shiru sai ya fara da rage zafi, domin fanka ba ta ihu haka kawai.

Lissafin ba shi da wuya. Idan kwamfutarka tana buƙatar wat 300, akwatin da ke isar da kashi 80 cikin ɗari na abin da ya ja zai sha wat 375 daga bango, ya zubar da 75 a matsayin zafi. Wanda ke isar da kashi 90 kuwa zai sha wajen 333, zafinsa bai wuce wat 33 da ɗoriya ba, wato ƙasa da rabin na farko. Ga mai aiki da sola da batir, ko mai sayen man janareto kullum, wannan rarar kuɗi ce a aljihu kafin ma a zo maganar kunne.

Hanyar gane wannan a kasuwa ita ce tambarin 80 PLUS, wanda aka soma bayarwa a shekarar 2004, yana kuma da matakai: Bronze, Silver, Gold, Platinum da Titanium. A ma'aunin wuta mai bolt 230 irin tamu, Bronze yana isar da akalla kashi 88 idan yana ɗauke da rabin nauyin da aka rubuta masa, Gold kuma kashi 92. A ganina Gold ya wadatar da yawancin masu shago, domin tazarar kuɗin da ke tsakaninsa da Platinum ta fi tazarar amfanin da za a gani. Sai dai a lura da abu biyu. Tambarin ba ya auna ƙara ko kaɗan, kuma gwajinsa ana yin sa ne a ɗaki mai sanyin digiri 23 ko kusa da haka, alhali shagon da ke da rufin kwano a Gombe yakan kai digiri 40 a bazara. Don haka ka duba ko kamfanin ya rubuta cewa akwatin na iya ba da cikakken ƙarfinsa a digiri 40 ko 50, domin wannan rubutun ya fi tambarin amfani a wurinmu. Ga mai son ma'aunin ƙarar kanta, kamfanin gwaji na Cybenetics yana ba da shaidar ƙara daban da ta ingancin wuta. Tambarin jabu ma yana yawo, musamman a kayan da babu sunan kamfani sananne a jikinsu, kuma akwatin da aka rubuta masa wat 600 amma ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, gara ka ajiye shi.

Wajen girma, ka tara abin da kayanka ke ci, musamman katin hoto da ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato CPU, sannan ka sayi wanda zai riƙa aiki a wajen rabin ƙarfinsa. Kwamfutar da ke cin wat 300 za ta ji daɗin akwatin wat 550 zuwa 650, saboda a nan ne ya fi tattalin wuta, fankarsa kuma tana juyawa a hankali. Kwamfutar buga takardu da cike fom ba ta buƙatar wat 1000, sayensa asarar kuɗi ce.

Fankar kanta tana da nata bayani. Babba mai faɗin milimita 120 ko 140 tana tura iska mai yawa ba tare da gudu sosai ba, saɓanin ƙaramar nan ta milimita 80 da ke jikin tsofaffin akwatuna. Gindin da take juyawa a kai ma yana da iri. Mafi araha hannun riga ne na ƙarfe da ɗan mai a ciki, wanda zafi ke busarwa da wuri har fankar ta soma ƙugi. Mai boris ya fi jure zafi amma yana da ɗan sauti, wanda ake rubuta wa FDB kuwa, mai juyawa a kan shimfiɗar mai, shi ya fi haɗa shiru da daɗewa. Akwatuna da yawa na yanzu, irin na Seasonic da Corsair, suna tsayar da fankar gaba ɗaya idan nauyi kaɗan ne, wasu ma suna da maɓalli a baya na kunna wannan tsari ko kashe shi. A ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko lokacin naɗar karatu, a bar shi a kunne. A shago marar sanyi kuwa, shawarata ita ce a bar fankar tana juyawa a hankali kullum, domin kafasitocin ciki, wato kayan da ke tara wuta su riƙe ta, zafi ne ajalinsu, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwarsu. Saboda wannan dalili ne ban ga hikimar sayen marar fanka sam a yanayinmu ba.

Idan wurin akwatin a ƙasan gidan kwamfutar yake kuma akwai raga a ƙarƙashi, a juya fankar ta kalli ƙasa, amma a ɗora kwamfutar a kan katako ko tebur, kada a kan kafet ko darduma, kada kuma a manna bayanta da bango. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina, a riƙa zare ragar ana kaɗewa duk mako biyu ko uku. A kashe kwamfutar, a zare waya, a tokare fankar da tsinke don kada iska ta juya ta fiye da ƙima, sannan a hura da bulowa daga waje. Kada a kwance murfin akwatin, domin manyan kafasitoci suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya.

Kafin a ɗora wa fawa fak laifi, a naɗe takarda kamar bututu a kara a kunne, a bi fankokin ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa ta ƙwaƙwalwa ce ko ta katin hoto ke kukan. Idan kuma sautin siriri ne kamar na sauro, ko zuza ce da ke tashi da zarar an koma kan inbata, to ba fanka ba ce. Masu araha daga cikin inbata da UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, suna ba da wuta mai tafiya tsani-tsani maimakon lanƙwasa mai santsi irin ta layi, akwatunan zamani kuma ba sa shiri da ita, wasu su yi zuza, wasu su ɗauke gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne a tambayi mai haɗa solar tun kafin saye ko inbatarsa mai ba da tsarkakakkiyar wuta ce, wato mai santsi irin ta layi, a kuma gwada akwatin a kanta kafin a biya kuɗi.