Yadda ake zaɓen wayin mara giya da kuma inda ya fi dacewa a saya

Tun bikin ƙanwata na daina sayen wayin don kawai an ce min shi ake yayi. Katan biyar muka ɗauko a lokacin, duk iri ɗaya, da aka tashi taro na bi tebura ina kallon kwalabe rabi-rabi, iyayenmu mata sun kurɓa sun ajiye wai zaƙi ya yi yawa, abin ya tsaya min a rai gaskiya domin kuɗi ne masu yawa suka tafi.

Toh abu na farko dai shi ne maganar giya, kuma a nan ne zan fi daɗewa don mutane na ruɗewa. Wayin mara giya kala biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, ba a taɓa barinsa ya tsimu ba, irinsu Chamdor na Afirka ta Kudu da Eva na ƙasar Sifen. Akwai kuma wanda sai da ya zama giya tukuna aka cire masa ita, shi wannan yakan rage da ɗan kaɗan har zuwa 0.5%, kuma kwalbarsu kusan iri ɗaya ce da ta masu giyar, shi ya sa kar ku yarda da launin kwalba, ku juya bayanta ku karanta. In kun ga 0.0% da lambar NAFDAC da kwanan watan da bai wuce ba, sai a zo maganar ɗanɗano.

Shi ɗanɗano harshenku ne alƙali, ba tsada ba. Ku sayi kwalba uku kawai, ja da fari da na wani kamfanin daban, ku sa a firij, ku zuba kaɗan-kaɗan a ƙananan kofuna kuna kurɓar ruwa a tsakani. Amma fa sanyi yana ɓoye zaƙi, don haka ku bar kofin ya ɗan huce ku sake kurɓa, tunda a wajen biki ai ba daga firij zai shiga baki ba, sai ya zauna kan tebur ana jiran amarya. Sannan ku haɗa da abin da za a ci ranar. Ni dai da tsire ko dambun nama jan nake so, amma in alkaki ne da dublan sai farin mai ɗan tsami-tsami, in ba haka ba zaƙi kan zaƙi zai gundure mutum. Maigidana kuma akasin haka yake so, ba mu taɓa yin gardama a kai ba.

Wajen saye kuma ni ƙaramin shago nake zuwa, irin na cikin Kasuwar Sheikh Gumi ko na layukan Barnawa a Kaduna, inda mai kayan da kansa yake zaune. A babban kanti wa zai tsaya ya saurare ki? Shi kuwa wanda nake saye wajensa ina shiga zai ce Hajiya naki bai iso ba, wannan na sama ya kwana biyu kar ki ɗauka, ya kuma yarda in gauraya kala uku a katan ɗaya, wanda ba a buɗe ba in dawo masa da shi. Ku yi wannan sharaɗin tun kafin ku biya.

Ku lura da inda yake ajiye kaya. Kwalbar da aka jera a bakin shago tana shan ranar watan Maris ta Kaduna ba za ta yi daɗi ba ko wane kamfani ne ya yi ta, ku ce a ɗauko muku na ciki. Ku taɓa murfin ku ji ko ya yi sako-sako, ku ɗaga kwalbar a haske, in kun ga dauɗa kwance a ƙasa ku mayar masa ya canza.