Yadda Za Ka Koyar da Walda da Sassaƙar Ƙarfe Idan Daga Masana'anta Aka Ɗauko Ka

Yawancinmu masu koyar da walda da aikin injin sassaƙa ƙarfe a kwalejojin fasaha ba da karatun malanta muka fara ba. Daga masana'anta aka ɗauko mu, da tabon ƙuna a hannu. Matsalar ke nan: hannunka ya iya aikin, amma bakinka bai iya faɗinsa ba. Sai ka ja layin walda mai kyau a gaban ɗalibai, ka ce "kun gani?", kowa ya gyaɗa kai, alhali in ban da haske babu abin da suka gani. Malam, tunda an ba ka aji, ga yadda nake bi da nawa.

Kafin kowa ya kunna inji, ka gama da maganar ido da huhu. Gilashin garkuwar fuska ya zama mai lambar duhu 10 zuwa 13. Ka faɗa musu hasken walda ba nan take yake nuna ɓarnarsa ba, sai bayan sa'o'i mutum ya tashi ido na zogi da hawaye ya kasa buɗewa. Ƙarfe mai rufin zinki kuwa a kankare rufin da giranda, a yi aikinsa inda iska ke wucewa, don hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Daga nan sai babban aikin, wato koya wa ɗalibi ganin ɗan kududdufin narkakken ƙarfen da ke ƙarƙashin sandar walda. Sabon shiga hasken yake kallo. Ka sa taka garkuwar, ka tsaya a bayansa, ka dafa hannunsa, ku ja layin tare kana magana a kunnensa: "Bar hasken, dubi bayansa. Ga ƙarfen nan mai sheƙi, wancan mai duhun da ke yawo a sama ɓawo ne. Kada ka bari ɓawon ya wuce gaba." Wanda ya gane wannan bambancin ya kama hanya, wanda bai gane ba, ko ya ƙona kwalin sanduna guda, a banza.

Ni da sandar E6013 mai kaurin milimita 3.2 nake fara su, a kan faranti mai kaurin milimita 6 a kwance, wuta tsakanin amfiya 90 zuwa 130. A tayar da wutar kamar ana ƙyasta ashana, a bar tazara tsakanin sanda da ƙarfe daidai kaurin wayar cikin sandar, a karkata ta digiri 10 zuwa 15 wajen da ake tafiya. Abin da kowa ke mantawa shi ne sandar ƙarewa take yi, don haka hannu tafiya biyu yake yi lokaci guda: gefe da kuma ƙasa.

Akwai dabarar da na fi amfana da ita. Ka ɓata saitin injin da gangan, ba tare da ka faɗa ba. Ka rage wuta, sanda ta riƙa mannewa, layi ya fito siriri mai tudu. Ka ƙara ta fiye da kima, tartsatsi ya watsu, gefen layin ya zaizaye. Sai ka jera farantan a tebur ka ce su faɗi laifin kowanne. A masana'anta babu wanda zai tsaya musu a ka, dole su iya karanta aikinsu da kansu. Kuma kada kyawun layi ya ruɗe ka wajen ba da maki. Ka yanka haɗin, ko ka lanƙwasa shi har ya buɗe, su ga ko waldar ta shiga ciki ko a sama kawai ta kwanta.

Lambobin jikin sanda ba sa buƙatar dogon darasi. A E6013, 60 na nufin ƙarfin jure jan fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, 1 kuma na nufin ana aiki da ita a kwance, a tsaye, har da sama da kai. E7018 ita ce mai tsada wajen kulawa: a ajiye ta a tanda mai zafin kusan digiri 120 a ma'aunin Selsiyas, domin in ta sha danshi waldarta na iya tsagewa daga baya.

A wajen injin sassaƙa, wato mai juya ƙarfe wuƙa na sassaƙa shi, dokar sauyawa take. Safar hannun da ka tilasta musu a wajen walda, a nan haramun ce, haka zobe da agogo da hannun riga mai lilo. Makullin bakin da ke riƙe ƙarfe kada hannu ya sake shi yana ciki. Wanda ya bar shi, ni dai ya gama aiki a ranar. Ɓarɓashin ƙarfe da buroshi ko ƙugiya ake janye shi, bayan inji ya tsaya.

Lissafin gudun inji ka yi shi a gaban injin, ba a allo ba. Ƙarfe mai taushi da wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai jure zafin yanka, yana son gudun yanka kusan mita 30 a minti. Ka ninka 30 ɗin da 1,000, ka raba da kaurin ƙarfen sau 3.14: sanda mai milimita 50 ta ba ka juyi kusan 190 a minti. Ka kuma nanata cewa in wuƙa ta shiga milimita 1, kauri milimita 2 yake raguwa. Nan ake ɓata aiki da yawa.

Za su matsa maka da son hawa injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, su koyi lambobin umarninsa irin su G00 da G01 su danna maɓalli. Ka ja musu rai. Wanda bai taɓa jin wuƙa na kuka a hannunsa ba, ba zai gane lokacin da lambobin da ya rubuta wa kwamfuta za su karya ta ba.

Ranar gwaji ka ba kowa zane mai iyakar kuskure 0.05 na milimita. Ya bar aikin ya huce, don ƙarfe mai zafi yana nuna kauri fiye da nasa, ya auna da maikiromita, wato ma'aunin kauri mai kama ɗan ƙanƙanin bambanci, ya rubuta abin da ya samu a takarda kafin ya kawo maka. Kai ma ka auna. Rabin makin na aikin ne, rabi kuma na yadda awonsa ya dace da naka.