Darasi na Tara: Ɗora Windows a Laftof Bayan An Sauya Faifan Ajiya

A darasin baya mun ga alamun da ke nuna faifan ajiya ya fara gajiya: kwamfuta ta riƙa nawa, ta riƙa sanƙarewa, ko a ji ƙara ƙas-ƙas daga cikinta. Tsohon samfurin faifai yana da faranti a ciki mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof, shi ya sa faɗuwa ko girgizar babur kan lalata shi. Zafin Maris da Afrilu a Birnin Kebbi, da kan haura digiri 40, shi ma ba ya raga masa. Yau za mu koyi abin da ake yi bayan an cire wanda ya mutu an sa sabo.

Idan ka sa sabon faifai ka kunna laftof, za ka ga baƙar fuska da rubutun Turanci kamar "No bootable device". Kada hankalinka ya tashi, ba a cuce ka ba. Sabon faifai kamar sabon allo ne da ba a rubuta masa ko bisimilla ba. Windows, wato babbar manhajar da ke tafiyar da komai, tana kan tsohon faifan, ta tafi tare da shi. Sai an sake ɗora ta.

Shiri tun kafin a kwance noti

Za ka buƙaci filash mai girman GB 8 ko fiye, da wata kwamfuta mai lafiya, da intanet. A waccan kwamfutar za a shiga shafin Microsoft a sauke wata ƙaramar manhaja mai suna Media Creation Tool. Ita za ta sauko da Windows ta shirya ta cikin filash ɗin. Duk abin da ke kan filash zai goge, saboda haka a fara kwashe hotunan biki da takardun ƙungiya. Saukewar tana cin data wajen GB 5 zuwa 6. Wanda ke ƙauyen da sabis ke zuwa yana komawa, gara ya bari sai ranar da ya shiga Argungu, Jega ko Yauri, ya yi a shagon buga takardu.

A cika batir, a kuma bar caja a jone. Idan batir ɗinka ba ya riƙe wuta, kada ka dogara da wutar NEPA. Nemi inda ake da sola ko janareta, domin idan kwamfuta ta mutu ana tsakar aiki, sai an faro daga farko.

Sai tambayar wace Windows za a sa. Windows 10 ta fito a 2015, kuma Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na kyauta da aka saba a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tana aiki har yanzu, amma ga mai shiga asusun banki ta kwamfuta wannan abin dubawa ne. Windows 11 ta fito a 2021, tana kuma da sharuɗɗa: RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, aƙalla GB 4, faifai aƙalla GB 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Idan ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato firosesa, ta kamfanin Intel ce, galibi sai 'yar zubi na 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin laftof 'yan kwatano da ke hannunmu sun girmi haka. Ga irin waɗannan akwai Linux Mint ko Ubuntu, manhajojin da ake ɗorawa a madadin Windows, kyauta ne, kuma sun ishi mai rubuta wasiƙa da lissafin buhunan shinkafa. A ganina, sakataren ƙungiyar manoma da tsohuwar laftof ya fi samun kwanciyar hankali da su a kan Windows ta sata da ake yi wa dabara.

Sa faifan

Faifan laftof iri biyu ne a siffa. Akwai wanda ake kira inci 2.5, girman tafin hannu, akwai kuma siriri mai suna M.2 da noti ɗaya ke riƙe shi. Je kasuwa da tsohon a hannu don kada a ba ka wanda bai shiga. Idan da hali, sayi SSD. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ya fi jure hanya.

Kashe laftof, zare caja, cire batir idan mai cirewa ne. Da hunturu iska kan bushe, jikin mutum ya tara wata 'yar wuta, irin wadda kan ɗan ja ka idan ka taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar wutar tana iya ƙona kayan cikin kwamfuta, don haka taɓa ƙarfen taga ko ƙofa kafin ka sa hannu ciki. Zuba notina a murfin kwalba.

Tayar da kwamfuta daga filash

Soka filash, kunna laftof, nan take ka riƙa danna maɓallin da ke buɗe jerin wuraren tashi, wato inda ake zaɓar ko daga faifai ko daga filash kwamfuta za ta tashi. A HP, F9 ne, ko ka fara danna Esc. A Dell da Lenovo, F12. A Asus, Esc. Idan tambarin kamfanin ya wuce ba ka ga komai ba, kashe ka sake, da sauri ake yi. Da jerin ya fito, sauka da maɓallin kibiya zuwa sunan filash ɗinka, yawanci akwai USB a jikinsa, ka danna Enter.

Tambayoyin farko masu sauƙi ne: harshe, lokaci, da tsarin madannai. Danna "Next". Za a nemi lambar lasisi mai haruffa da lambobi 25. Laftof ɗin da suka zo da Windows 8 zuwa sama, wato daga 2012, lambarsu tana ajiye a jikin injin, ba a kan faifai ba, don haka sauya faifai ba ya ɓatar da ita. Idan an tambaye ka, danna "I don't have a product key", sannan ka zaɓi irin wadda laftof ɗin ta zo da ita, Home ko Pro. Idan ka zaɓi Pro alhali Home ce lasisinka, ba za ta karɓa ba.

Inda ake yin ɓarna

Yanzu za a nuna maka faifan da ke cikin kwamfutar, a ce ka zaɓi inda za a zuba Windows. Nan ne ake zama a natsu. Sabon faifai zai fito da rubutun "Unallocated Space", ma'ana fili ne da ba a yanka ba. Shi za ka zaɓa, Windows za ta rarraba shi da kanta. Amma wasu laftof suna ɗaukar faifai biyu, kuma na biyun yana iya kasancewa da ajiyarka ta shekaru. Kada ka danna "Delete" ko "Format" a kan abin da ba ka tabbatar ba. Dubi girman kowanne tukuna. Mafi aminci ma shi ne a zare faifai na biyu da duk wani abin da aka jona, a bar sabon faifan da filash kaɗai.

A nan ne ake yawan samun irin wannan muhawara a shago:

"Yaro, na biya kuɗin GB 256, ga shi kwamfuta ta ce 238. Ina sauran?"

"Baba, ba a rage maka komai ba. Masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, Windows kuwa da 1,024. Mai 500 ma 465 za ka gani."

Yaron ya yi gaskiya.

Idan kuwa ba a nuna faifai ko ɗaya ba, kashe ka duba ko ya zauna daidai a gurbinsa. A wasu sababbin laftof masu Intel, sai an sauko da wata ƙaramar manhaja, direban Intel RST, daga shafin kamfanin laftof ɗin an sa a filash kafin faifan ya bayyana. Wannan kam a nemi mai gyara ba abin kunya ba ne.

Daga nan kwamfuta za ta kwafi fayiloli, ta mutu ta tashi da kanta sau da dama. Kada ka taɓa ta. A tashin farko, idan ka ga ta dawo da kai tambayar harshe, zare filash ka sake kunnawa. Windows 11 za ta nemi intanet da asusun Microsoft kafin ta ƙarasa, saboda haka tanadi data a wayarka don ka raba mata, ka kuma rubuta kalmar sirrinka a takarda ka adana.

Bayan ta tashi

Shiga "Settings", ka buɗe "Windows Update", ka bar ta ta sauko da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sauti, kyamara da Wi-Fi su yi aiki. Idan Wi-Fi ɗin ne ya ƙi, jona waya da kebul ka kunna raba intanet ta USB. Daidaita agogo zuwa "West Central Africa". A sashen harshe kuma za ka iya ƙara madannan Hausa, ka samu ɓ, ɗ da ƙ.

Karɓi tsohon faifanka daga hannun mai gyara, ko ya ce ya mutu. Hotunan iyalinka, takardun fili da lambobin mutane suna ciki. Akwai ɗan akwati da ake sa shi a jona ta USB, kuma sau da yawa faifan da ya kasa tayar da Windows yana iya bari a kwafi fayiloli. Fara da waɗanda suka fi muhimmanci, don yana iya tsayawa a kowane lokaci.

Aikin gida

Juya laftof ɗinka ka kwafi sunan kamfani da lambar samfurinta a littafinka. A ƙarƙashi ka rubuta maɓallin da ke buɗe jerin wuraren tashi. Mai filash ya zo da shi mako mai zuwa, bayan ya kwashe abin da ke ciki, za mu shirya shi tare a aji.