Gaba da baya a adireshi guda: yadda na gyara Nginx

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Jiya wani ƙanena a nan Yamai ya kawo min shafin da ya gina wa wani shago da React, wato kayan aikin gina ɓangaren gaba, fuskar shafin da ake gani a burauza. Da zarar an sabunta wani shafi na ciki, sai 404 ta fito, wato saƙon cewa ba a samu shafin ba. Dalilin shi ne burauza ce ta san hanyoyin shafukan ciki, ita sabar fayil take nema, kuma babu shi.

Gyaran yana cikin fayil ɗin saitin Nginx, wato manhajar sabar da ke miƙa shafin ga burauza. A cikin location / ka sa try_files $uri $uri/ /index.html, ke nan duk abin da ba a samu ba, a miƙa shi ga index.html.

Ɓangaren baya kuwa, wato manhajar da ke aiki a sabar tana ba shafin bayanai, ka ware masa location /api/ tare da proxy_pass http://127.0.0.1:3000/, idan Node ɗinka, mai tafiyar da ɓangaren bayan, yana sauraro a ƙofa 3000. Don Allah ku lura da ƴar sandar nan (/) ta ƙarshe bayan 3000, nan mutane ke shan wuya. In tana nan, Nginx zai cire /api/, saƙon /api/kaya ya isa a matsayin /kaya. In ka cire ta, ya isa yadda yake. Duba wanne manhajarka take jira kafin ka zaɓa.

Ni na fi son wannan tsari, tunda adireshi ɗaya ne, matsalar CORS, wato burauza ta hana shafi karɓar bayanai daga wani adireshi daban, ba ta tasowa.

Masu amfani da sabar Apache maimakon Nginx, FallbackResource /index.html na yin aikin try_files ɗin nan. Kafin ka sake loda Nginx, buga nginx -t tukuna don ya duba ko akwai kuskure a saitin.