Yadda ake amfana da shawarwarin ma'aikata a injin casar shinkafa

A injinan casa na Argungu, Jega ko Birnin Kebbi, wanda ke tsaye gaban inji ya fi maigida sanin inda ake asara. Shi ke ganin tsaki ya yi yawa, shi ke jin ƙarar inji ta canja. Kamfanin Toyota na Japan ya tsara karɓar irin wannan shawara tun 1951, kuma ƙaramin inji ma zai iya.

Da farko a buɗe ƙofa. Akwatin shawara kaɗai bai isa ba, don masu dako da mata masu turara da yawa ba su rubutun boko. A ware minti 10 sau ɗaya a mako kafin a ta da inji, a karɓi magana da baki, da ajami, ko saƙon murya ta WhatsApp.

Sai a sami littafi guda: kwanan wata, sunan mai shawara, matsalar, da wanda zai bi ta. Kowace shawara a amsa ta cikin kwana 7, ko da amsar "a'a" ce, tare da dalili. A nan tsarin ya fi mutuwa. Wanda aka yi wa shiru sau biyu ba ya sake magana.

Gwaji shi ne gundarin aikin. A ce mai shanya ya ce zafin ranar tsaka na fasa ƙwaya, a riƙa kwashewa zuwa inuwa. Kada a juya dukan aiki. A ɗebi buhu 10 na shanshera (shinkafar da ba a cashe ba) iri ɗaya, a shanya 5 yadda aka saba, 5 yadda ya ce, a kai danshinsu wajen kashi 14 cikin 100, a cashe daban, a auna tsakin kowanne a sikeli. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aiki ba.

In shawarar ta ci, a faɗi sunan mai ita gaban kowa, a ba shi tukuici. Kada shugaban ma'aikata ya maida ta tasa, kuma kada a sallami kowa don shawara ta rage aiki. Sabon tsarin a rubuta shi a bango, bayan wata ɗaya a sake aunawa.