Kurakuran da Mutanenmu ke Maimaitawa a Legas: Masauki da Yawon Buɗe Ido

Kusan duk wanda ya tashi daga Zariya zai je Legas karon farko, ko matashi ne daga Samaru da aka kira shi ganawar neman aiki, ko ɗan kasuwar Sabon Gari da zai saro kaya, ko magidancin da ya ƙudura kai iyalinsa su ga teku, tambayarsa ɗaya ce: ina ne ɗaki ya fi araha? Na gaji da jin wannan tambaya, domin daga nan ne asarar yawancinsu take farawa. A Legas hanya ta fi ɗaki cin kuɗin baƙo, kuma wanda bai sa kuɗin zirga-zirga a lissafinsa ba, lissafinsa bai cika ba.

Ruwa ne ya raba garin gida biyu. Akwai ɓangaren tsibiri, wato tsohon garin Ikko da Ikoyi da Victoria Island har zuwa Lekki, sannan akwai ɓangaren tudu inda Ikeja da Agege da Yaba da Surulere suke. Gadoji uku ne manyan mahaɗarsu, Carter da Eko da kuma Third Mainland wadda aka buɗe a 1990, mai tsawon fiye da kilomita 11. Da safe jama'a na kwarara zuwa tsibiri, da yamma su juyo gaba ɗaya. To, mutum ya kama ɗaki mai sauƙin kuɗi a Ikorodu ko Agbado alhali harkarsa tana kasuwar Balogun da ke tsibiri, sai ya wayi gari yana ƙarar da rabin yininsa a cunkoso, in kuwa ya gaji ya kira Bolt ko Uber ya tarar farashi ya haura saboda lokacin tashi daga aiki ne ko an yi ruwa. Kada kuma ya sa rai acaɓa za ta cece shi, domin tun 2022 aka hana ta a Ikeja da Surulere da Apapa da ɓangaren tsibirin. Abin da ya rage a kuɗin ɗaki sai ya tafi a mota, har da ƙari. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Abin da nake yi shi ne in fara rubuta wuraren da zan je, sannan in nemi masauki a tsakiyarsu, kusa da tashar bas ɗin BRT ko ta jirgin ƙasa. Jirgin Red Line da ya fara aiki a 2024 yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba zuwa Oyingbo, na Blue Line kuma yana haɗa Marina da Mile 2, kuma katin Cowry guda ya isa a biya duka. Ni Yaba na fi so saboda kusancinta da gadoji, ko da yake abokaina da yawa ba su yarda da ko'ina ba sai Ikeja.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, domin na ɗanɗana shi: tura kafin alƙalami saboda hoton da aka gani a intanet. Wata shekara a watan Disamba na ga tallar gidan haya na 'yan kwanaki a Ajah, hotuna tsaf, mai maganar kuma da ladabi, ya ce sai na tura rabin kuɗi domin wasu na nema. Muka isa da daddare, yara sun yi barci a mota, na ƙwanƙwasa ƙofa, maigadi ya haska fuskata da tocila ya dubi hoton da ke wayata, ya ce gidan dai shi ne, amma masu shi suna ciki kuma ba su taɓa ba da haya ba. Lambar da nake kira tuni an kashe ta. A daren nan muka kama otal ɗin da muka fara gani, a farashin da suka ga dama. Abin takaicin shi ne har yau ina ganin masu ilimi, waɗanda ba za su sayi buhun masara a kasuwar Giwa ba sai sun soka hannu sun gani, suna tura wa wanda ba su taɓa gani ba kuɗin kwana biyar. Don Allah me ya yi zafi? Cewa wasu na nema ita ce tsohuwar dabarar 'yan damfara, kuma duk wanda ya hana a gani kafin a biya, akwai abin da yake ɓoyewa.

Yanzu kuɗin dare ɗaya kawai nake biya, shi ma sai na shiga ɗakin na murɗa famfo na ga ruwa, na tambayi ƙarfe nawa ake tayar da janareta da ƙarfe nawa ake kashe shi. Ina kuma tambaya ko farashin ya haɗa da haraji, domin akwai VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da harajin jihar na kashi 5, wasu kuma su ɗora kuɗin hidima. Idan ɗakin ya yi, washegari nake neman ragi a kan sauran kwanakin.

Akwai kuma girman kan ƙin tambaya. Hausawa sun daɗe a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, kuma al'adar fatoma mai saukar da fatake ba ta mutu ba. Kiran waya ɗaya ga ɗan gari zai nuna masauki mai mutunci kusa da masallaci, da inda ake sayar da tuwo a farashin da bai kai na shayin otal ba. Amma tattara mutum shida a sauke wa ɗan'uwa mai ɗaki ɗaya ba tsimi ba ne, ɗora masa nauyi ne. Wanda ya sauka a gidan wani ya riƙa yin cefane.

A wajen yawo, kowa bakin teku yake fara nufa, kuma ranar Asabar ko Lahadi. Bar Beach da iyayenmu suke ba da labari babu ita, an cike wurin ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Wuraren da suka rage irin su Elegushi sai an biya kuɗin shiga, a ciki kuma kujera da rumfa da wurin ajiye mota kowanne da kuɗinsa. A je a tsakiyar mako, a tambayi komai tun daga ƙofa, kuma kada yaro ya hau dokin haya ko a tsaya wa mai hoto sai an gama ciniki.

Alhali kuwa wuraren da suka fi amfani kuɗinsu kaɗan ne. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, yana ajiye da baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, ga hujojin harsashi nan a jikinta. Daga can ana takawa da ƙafa zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa inda aka yi bikin 'yancin kai a 1960, sai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka, sannan a yi azahar a babban masallacin Ikko. Yini ɗaya ke nan da kuɗin mota kaɗan.

A gandun Lekki Conservation Centre kuɗin shiga daban, na hawa gadar sama mai tsawon mita 401 daban. Badagry, garin tarihi da ke kusa da iyakar Benin, yini guda take ci, kada a haɗa ta da Lekki. Bakin tekun Tarkwa Bay sai ta ruwa, don haka a daidaita kuɗin dawowa kafin a shiga jirgin. Disamba komai na tashi, Yuni da Yuli kuma ruwan sama kan cika tituna, wanda ba dole ta kai shi ba ya zaɓi wani lokacin.