Yadda Ake Lissafin Turjiya da Wat Daga Bolt da Amfiya

Duk wanda ya san bolt ɗin da ke shiga na'ura da amfiyar da take ja, to ya gama sanin turjiyarta da wat ɗin da take ci, lissafi kawai ya rage masa. Bolt shi ne matsin da ke tura wuta, ana rubuta shi da V. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana, ana rubuta ta da I. Turjiya kuwa, wato R, ita ce yadda abu ke hana wuta wucewa, ana auna ta da om, sunan da aka ɗauko daga Bajamushen nan Georg Ohm wanda ya wallafa ƙa'idar a 1827.

R = V ÷ I
P = V × I

P shi ne wat, wato ƙarfin wutar da na'ura ke ci. Idan ba ka da amfiya amma ka san turjiya, yi amfani da P = V × V ÷ R. Idan bolt ne babu, P = I × I × R.

Fara da awo. Bolt ana auna shi ne ta ɗora bakin wayoyi biyu na mita, wato na'urar awon wuta, a gefe biyu na na'urar tana aiki. Amfiya sai an cire waya ɗaya an sa mitar a tsakani, wutar ta ratsa ta cikinta, a mayar da jar wayar mita ramin 10A. Da zarar ka gama, maida ta raminta na bolt. Wanda ya manta ya cusa ta haka a soket zai ji ƙara, fis ɗin mita ya tafi, wani lokaci har da mitar. A wutar gida, mita mai baki da ake maƙalawa a jikin waya ta fi aminci, amma waya ɗaya za ka kama. Ka kama biyu tare, sifili za ta nuna maka.

Ɗauki dutsen guga a kan bolt 230, mita ta nuna amfiya 4.35. Turjiya: 230 ÷ 4.35, kusan om 53. Wat: 230 × 4.35, kusan 1,000. To a ce an kawo rabin wuta, bolt ya faɗo zuwa 160. Turjiyar ƙarfen da ke zafi a ciki kusan tana nan yadda take, saboda haka 160 × 160 ÷ 53 zai ba ka wat 483. Bolt bai ragu da ko kashi ɗaya cikin uku ba, amma zafi ya gaza rabi. Dalilin ke nan da dutse ke ƙin fitar da kari, ba lalacewa ya yi ba.

A ƙananan kayan lantarki, miliyamfiya ce ke kayar da mutane. Raba ta da 1,000 tukuna: 20mA ita ce 0.02A. Misali jan ƙwan LED da za a kunna da batir mai bolt 12. Ƙwan yana cin kusan bolt 2, saura 10 su ne rizista, wato ɗan abin da ake sawa don ya rage gudun wuta, za ta ɗauka. 10 ÷ 0.02 ya ba da om 500. Nemi mai 510 ko 560, domin su ne girman da ake bugawa. Kada ka tsaya nan. 10 × 0.02 ya ba da wat 0.2, zafin da rizistar za ta riƙa fitarwa ke nan. Mai kwatar wat za ta ɗauka da ƙyar, tana zafi. Sa mai rabin wat ka huta.

Inda lissafin ya fi ceton dukiya shi ne wajen haɗa sola. Inbata da ke ba da wat 1,000 daga batir mai bolt 12 tana jan 1,000 ÷ 12, wato amfiya 83, kafin ma a haɗa asarar da ita kanta ke yi. Wayar tagulla mai kaurin 2.5mm² tana da kusan om 0.0074 a kowace mita. Idan tazarar batir da inbata mita 2 ce, zuwa da dawowa mita 4 ke nan, kusan om 0.03. Adadi ne da ido zai raina. Amma 83 × 83 × 0.03 ya haura wat 200, duka zafi a jikin waya, robarta za ta narke. Wayar kuma za ta cinye kusan bolt 2.5, inbata ta riƙa kukan batir ya yi ƙasa alhali a cike yake. Da waya mai 25mm² asarar za ta sauko kusan wat 20. Shi ya sa manyan inbatoci ke aiki da bolt 24 ko 48: ninka bolt, amfiya ta koma rabi, zafin waya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai wuraren da ƙa'idar ba ta tafiya kai tsaye. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 a bolt 230, lissafi zai ba ka kusan om 880, amma ka auna shi a sanyaye sai ka ga ƙasa da om 100, saboda zarensa na ƙara turjiya idan ya yi zafi. Firji, fanka da injin ɗaga ruwa kuma, bolt sau amfiya ba wat zai ba ka ba, VA ne, wanda yawanci ya ɗara ainihin wat ɗin. Lokacin tashi ma motar da ke juyawa a cikinsu na jan ninkin amfiyarta sau da yawa, don haka kada ka zaɓi janareta da adadin da ka auna bayan ta daidaita. Idan bolt ya yi ƙasa, motar firji ƙara jan amfiya take yi, akasin dutsen guga, har kwil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, ya ƙone.

In za ka auna turjiya da mita kai tsaye, cire na'urar daga wuta, ka kuma ɗaga ƙafa ɗaya ta rizistar daga allon da aka dasa ta, in ba haka ba sauran kayan da ke haɗe da ita za su ɓata awon.